Kwarin da Baba Ya Nema

Auyo, Litinin, 1938

Zuwa ga Yayana Shu'ibu baduku, a Kano,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Malam Umara ne yake rubuta mini.

Yaya, ruwa ya cika fadama, ya koro wani ƙaton gadu cikin shinkafarmu, kullum sai ya yi ɓarna. Bindiga kuwa sai da takardar Bature. Baba ya rantse shi zai harbe shi da baka. Ka san ciwon kafaɗarsa, hannun ba ya kaiwa baya ya zaro kibiya. Don haka ya ce ka ɗinka masa ƙaramin kwari wanda za a ɗaure a jikin bakan. Na yi magiya, na yi kuka, ya ce mini shekara arba'in yana harbi ba a taɓa riƙe masa riga ba. Wallahi tsoro nake ji. Ka yi wani abu.

Ƙanwarka,
Barira

*

Kano, Asabar

Barira,

Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, takardarki ta same ni.

Kwari biyu na ɗinka. Ɗaya na fatar akuya, kibiya uku, ba nauyi. Ɗayan na ƙirgi, wato fatar sa mai kauri, a kan itace, kibiya shida, ni kaina sai da ya gajiyar da hannuna. Mai nauyin na aiko ta jirgin ƙasa mai tsayawa a garin Malam Madori. In ya ɗaga bakan ya ji ya yi masa nauyi, zai haƙura don kansa, ba sai mun ce masa ya tsufa ba. Wannan dabarar kaɗai ta rage mini. Kada ki gaya masa.

Wassalam,
Shu'ibu

*

Auyo, Juma'a

Daga Baƙo maharbi zuwa ga ɗansa Shu'ibu, gaisuwa da sa albarka.

Kwari ya iso. Da nauyi kam, yana rinjayar bakan zuwa hagu, ashe zaman birni ya mantar da kai hannun maharbi. Amma ɗinki ya yi kyau! Na zaga da shi wurin maharba, na ce aikin ɗana ne. Abokin farautata Bakari ya ce in cire shi in soke kibau a ɗamara. Na ce abin da ɗana ya ɗinka mini ba na ajiye shi. Da zarar ruwa ya ɗan ja zan fita.

Allah ya yi maka albarka.

*

Auyo, Alhamis

Yaya,

Sallama. Kwarin fatar akuyar da ka aiko da gaggawa ya iso yau. Talata muka binne Baba.

Bakari ya ce kibiyar farko ta bi hagu, gadun bai bar Baba ya ɗana ta biyu ba, ya afka masa. Baba ya kai la'asar da ransa. Ban gaya masa dabararka ba, kamar yadda ka ce. Ya ce in faɗa maka ko zare ɗaya na ɗinkinka bai saki ba.

Allah ya ba mu haƙuri.

Barira