Tsagewar da ke gindin famfo

Yaya Ladan,

Na wuce Gubi, ina da lacca ƙarfe goma, ba zan iya jiran dawowarka ba.

Da safe na tuge ciyawar tsakar gida, na kwaɓa siminti, na cike duk inda daɓen ya tsage, saura gindin famfo. Ina kai hannu Hajiya ta fito ta ce, "Salihu, bar wannan." Na ce, "Hajiya, ba ke kika ce ciyawar za ta jawo mana kunama ba?" Ta ce, "Na sani. A nan mahaifinku yake alwala." Ta koma ɗaki, ko kokonta ba ta sha ba.

Ni ban gane ba, Yaya. Ciyawar nan bana ta fito, Baba kuwa shekara uku ke nan da rasuwa. Ko sauran ma bai kamata in cike ba?

Don Allah kada ka taɓa wurin. Ragowar simintin yana cikin kwanon sarki, in ya bushe ya bushe. Ka shiga ka zauna da ita, wataƙila kai ta faɗa maka.

Salihu