Surukina ya zo yawon buɗe ido, amma ƙasa yake kallo

Zuwa ga Bi Mwatima, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Wata magana ce ta dame ni, na rasa wanda zan faɗa wa, kuma a ƙauyenmu in ka faɗa wa mutum ɗaya abu da safe, kafin azahar har masunta sun kai shi tsakiyar teku.

A kudancin tsibirin Pemba nake zaune. Maigidana ya daɗe da rasuwa. 'Yata ɗaya ce tilo, Riziki, tana aikin jinya a Dar es Salaam, a can take aure. Mijinta Mrisho ɗan tsallake ne, ba ɗan tsibiri ba. Ban taɓa kama shi da wani laifi ba, gaskiya ɗaya ce, amma ban san cikinsa ba.

Watan jiya suka ce za su zo na kwana uku, wai Mrisho yana son ya ga tsibirin sosai, tunda lokacin biki bai ga komai ba. Tun a nan na fara mamaki. Mutumin da in ya hau jirgin ruwa sai ya amayar da abincin shekaranjiya, yaushe ya fara ƙaunar tsibiri? Mamaki na biyu, yayana Kombo, wanda ko kwakwa ɗaya bai taɓa ɗaukar wa wani ba, shi ne ya je tashar jirgin ruwa ta Mkoani tarbarsu, har da motar haya.

Ranar farko suka je kallon jemagu da dajin arewacin tsibirin. Rana ta biyu na bi su bakin teku. Bi Mwatima, kowa ya san abin da baƙo ke yi a bakin tekunmu: ya cire takalmi, ya yi ta ɗaukar hoto yana washe baki. Shi kuwa surukina sai ya juya wa ruwan baya. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa yana murzawa. Duk inda muka tsaya tambaya ce. Ina rijiya, ruwanta da gishiri ko babu? Hanyar nan tana yankewa da damina? Daga nan zuwa asibiti tafiyar nawa ce? Akwai makarantar kirki? Kuma wayarsa ba ta hutawa, da ta yi ƙara sai ya matsa nesa da mu. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ai ɗauka zai yi.

Rana ta uku Kombo ya ce bari ya kai mu wurin da ake hango teku da kyau. Sai ga mu a kan tudun gonar mahaifinmu. Kin san yadda abin yake a wurinmu, ƙasa da mai ita, itace da mai shi. Da aka yi mana rabo, Kombo ya ɗauki ƙasar, ni aka ba ni itatuwan kanumfarin da ke kanta. Babanmu ne ya dasa su da hannunsa. Da su na yi wa Riziki karatu, da su na yi mata kayan ɗaki, da su nake ci har yau. Yanzu gwiwoyina ba sa barin na hau, sai dai na ɗauki masu tsinka, amma ni nake shanya kayana a tabarma da kaina.

Kombo ya buɗe hannu ya ce, "Suruki, duk iya ganinka nan, kuɗinsa bai kai na tsohuwar mota ba. Don kai ne, na gida." Bai ce uffan a kan itatuwan ba. Ya dai ɗan saci kallona, irin kallon nan na yi shiru mana. Ni kuma na yi shirun. Ta yaya zan ƙaryata yayana a gaban surukina? Mrisho ya dafa jikin wani itace, wanda ya fi duka 'ya'ya, ya ce, "Kawu, waɗannan ai sun tsufa ko?" Wallahi sai na ji kamar wuyana ya dafa.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Baƙo ba ya samun ƙasa a nan da sauƙi sai ya raɓu da sunan ɗan tsibiri, ke nan sunan Riziki za a sa. Mun ga yadda aka yi a wasu ƙauyuka: a sayi wuri da sunan mace, a sare komai, a zagaye da katanga, a gina masaukin Turawa, har masunci ya rasa hanyar zuwa kwalekwalensa. Wa ya san su waye a bayan wayar nan tasa? Ina zarginsa, ina zargin Kombo. Abin da ya fi ƙona mini rai, har 'yar cikina na fara zargi, domin ba ta yarda mu haɗa ido ba, sai tambayar gwiwoyina take ta yi, wa ke ɗebo mini ruwa, wa ke kai ni asibiti, kamar mai neman hujjar cewa na gama amfani.

Tunda Riziki ta bar gida ba ta taɓa zuwa ta koma ba sai da ɗan ƙunshin kanumfari daga hannuna. Wannan karon na hana. A tasha ta dubi hannuwana ta ce, "Mama, yau babu ƙunshina?" Na ce mata bana bai yi kyau ba, alhali buhu na ɗaki. Ta yi murmushin yaƙe ta shiga jirgi.

Bayan Babbar Sallah za su dawo, wai su ƙarasa magana. In kai ƙarar Kombo wurin mai unguwa, zumunci ya tsinke? In gaya wa 'yata mijinta macuci ne, in kashe mata aure? Ko in zauna ina kallo a sa wa itatuwan ubana zarto? Ki faɗa mini, kaina ya ɗaure.

Taki cikin damuwa,
Mai Kanumfari

Amsa

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Ba zan ce tsoronki na banza ba ne. An sha sayen ƙasa da sunan mata a bar su da cizon yatsa, kuma araha ba ta ado. Amma sake duba abin da kika rubuto. Mutum uku kika sa a gaba, kuma a cikinsu ɗaya ne kaɗai kika gani da idonki yana aikata ba daidai ba, wato Kombo. Shi ya nuna abin da ba nasa ba kamar nasa, shi ya yi miki kallon ki yi shiru.

Batun surukinki kuwa, mai neman gina masaukin baƙi teku yake saye, don ita baƙin ke biya su gani. Naki ya juya mata baya yana tambayar rijiya da makaranta da asibiti. Waɗannan tambayoyin mai neman wurin zama ne, kuma matarsa ma'aikaciyar jinya ce da ta damu da gwiwoyin uwarta. Ba zan rantse miki ba, ban ga zuciyarsa ba, wayar nan tasa ma ban san da wa yake yi ba. Sai dai ki bar wa wannan tunanin wuri: mai yiwuwa hanyar dawo miki da 'yarki kusa suke nema, suna jin nauyin faɗa kafin abu ya tabbata. Mai yiwuwa kuma shi ne ake shirin cuta. Ɗan tsallake ina zai san ana sayen ƙasa a bar itace? Ya ga mai ƙasa yana talla, ya ga surukarsa a tsaye ba ta ce komai ba, ai ɗauka zai yi kin yarda.

Saboda haka shirun nan ya isa. Ki fara da Kombo, ku biyu, a gidansa, ba tare da ɗaga murya ba. Ƙasarsa ce, yana da ikon sayarwa, amma sai an ambaci itatuwanki a gaban shaidu kafin kowa ya sa hannu a komai. In ya ƙi, ki nufi mai unguwa da dattawan da suka ga rabon, kuma a lokacin ba ke kika tsinka zumunci ba. Riziki kuma ki kira ta, kada kalmar macuci ta fito daga bakinki. Tambayarta za ki yi me suke nufi da wurin, sannan ki ja mata kunne: duk abin da zai ɗauki sunanta ta karanta da idonta, ta adana da hannunta.

Saura ƙunshin nan da kika hana. Shi ya fi komai yi mini ciwo, kuma na tabbata ita ma haka. Ki buɗe buhun, ki ƙulla mai kyau, ki ba wani mai tsallakawa tun kafin Sallah, da saƙo zuwa ga su biyun: wannan daga itatuwan kan tudu ne, nawa ne, ubana ya dasa. Daga nan ki saurara. In Mrisho ya tambayi nawa za ki karɓa a sare, kin san da wanda kike. In kuwa ya tambayi yaushe ake tsinka, to ki share ɗaki, 'yarki ce ke hanyar dawowa gida.

Allah ya tsare miki itatuwanki, ya bar ki da 'yarki, ya shiryi yayanki.

Bi Mwatima