An aike ni Anka da magana ɗaya, na dawo ban faɗe ta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, dattijo ne ke rubuto muku, kuma da kunya nake rubutawa.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Gummi. Na daɗe ina fatauci, na zauna Kumasi, na zauna Yamai, na yi shekara uku a Jidda, ina jin Turanci da Faransanci da Larabci gwargwado. Shi ya sa duk abin da ya shafi takarda ko gwamnati, ni ake turawa.

Bara aka kira taro a Anka, na jin ra'ayin jama'a kafin gwamnati ta amince da sabon kuɗin inshorar lafiya, wato katin asibitin da muke sabuntawa duk shekara. Mutanenmu suka taru a ƙofar masallaci suka aike ni da magana ɗaya tak. Ba su ce a fasa ƙarin ba, sun san magani ya yi tsada. Cewa suka yi a mayar da lokacin biya bayan kaka, don yanzu tsakiyar damina yake faɗowa, rumbu ya yi ƙasa, ga taki, ga zazzaɓin yara.

A zauren aka ba kowa minti biyar. Da na ga manya da kwat da gilashi, sai wani abu ya shige ni. Na miƙe na kama Turanci, na ba su labarin yadda na ga ana yi a Ghana, na kwatanta da asibitocin Jidda, har Faransanci na ɗan jefa. Aka tafa mini, shugaban zaman ya ce, “Baba, ai nan sama ya kamata ka zauna.” Sai da na zauna na tuna ban ambaci kaka ba. Na ɗaga hannu, aka ce lokaci ya ƙure. Da na bi su bayan taro ƙila su saurare ni, amma hoto na tsaya ɗauka da su.

Da na dawo aka tambaye ni, na ce na faɗa, sun ƙi.

Aka amince da ƙarin, lokacin biya bai motsa ba. Daminar bana katin mutane da yawa ya mutu. Maƙwabciyata Inna Hajo, tsohuwa mai riƙon jikoki uku, ƙaramar ta kwanta da zazzaɓi sati biyu bayan mutuwar katinsu, sai da Inna ta sayar da tunkiyarta ɗaya tilo. Yarinyar ta tashi, alhamdu lillahi. Na je dubiya, Inna ta ce, “Alhaji, kai dai ka yi naka, mun bar su ga Allah. Wanga Turanci naka ma ba su ji ba, balle bakinmu?” Ruwan da ta ba ni na ajiye shi ban sha ba, na yi mata sallama.

Yanzu an sake buɗe karɓar ƙorafi. Wani malamin firamare na garinmu ya rubuta takarda, layin farko na cewa wakilinmu ya roƙe ku kun ƙi. Ni suke so in fara sa hannu, ni kuma zan kai. To an ɗauki taron nan a bidiyo, da idona na ga kyamarar. In na sa hannu jami'an gwamnati suka duba bidiyon, suna iya jefar da takardar gaba ɗaya, mutane su sake cin wata damina haka saboda ni. In na ce a cire layin, malamin zai tambayi dalili, mutum ne da ba ya sakin magana. Na gaya wa maiɗakina, ta ce in kwanta ciwo wani ya kai, muka yi sa-in-sa, na ce ƙarya ɗaya ta ishe ni.

A Kumasi in ka yi abin kunya sai ka sake unguwa. Nan kuwa a sahu ɗaya zan tsaya da mutanen nan har in mutu.

Ranar Juma'a bayan salla za a sa hannu. In tashi in faɗa a gaban kowa, ko in fara samun malamin shi kaɗai? Kuma in na faɗa suka ce duk da haka ni zan kai takardar, in karɓa?