Jan Kaset Ɗinka Yana Cikin Akwatin Baba

Yaya Dogo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa wa nema albarka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi har ta koma faɗanta, ka san alamar lafiyarta ke nan. Baba kuwa yana nan da ciwon mantuwarsa yadda ka sani, wata biyar ke nan bai kira sunana ba. Malama yake ce mini, kamar na kawo ɗinki. Na rubuto ne don in na kira ka kuka zai hana ni magana, kai kuma da an ambaci Baba sai layinka ya lalace.

Ranar Asabar da hantsi na je share tsohon shagonsa na ɗinki, don mai ginin yana son ɗakinsa. A ƙarƙashin teburin yanka na jawo akwatin ƙarfen nan da yake ce mana awon mutane ne a ciki, kada wanda ya taɓa. Na fasa kwaɗon. Yaya, wallahi sai da na zauna a ƙasa! Kaset ne, sun fi sittin, a jere kamar zare a kanta. Kowanne da rubutun hannunsa: kwanan wata, sai waƙoƙi daga ta goma har ta ɗaya. Shirin nan na rediyo na waƙoƙi goma masu tashe, wanda muke laɓewa a bayan ɗaki mu saurara, ashe duk satin duniya Baba yana tura ƙofar shago yana ɗauka. Baban da ko fito ka yi sai ka sha mari? Baban da ya ce kiɗa aikin marasa aikin yi ne? Na yi ta juya su ina cewa ko ajiyar wani ce, amma wa ke rubuta bakwai da ƙugiya in ba shi ba?

Ba ma wannan ne babban abin ba. A can ƙasa na tarar da jan kaset ɗinka. Eh, shi. Wanda ya fizge daga rikoda a gaban abokanka, ya zaro zaren ya tsinka, ka haɗa kayanka ka bar gidan. Ya gyara shi, Yaya. Ya datse inda ya cukurkuɗe da almakashi, ya liƙe bakin da jan farcen Inna, tsaf.

Na aro rikoda wajen mai gyaran rediyo na kai gida. Zaren ya saki, ina ta fama da ɗan yatsa, sai Baba, mutumin da ko maɓallin rigarsa ba ya iya sawa, ya miƙo hannu ya karɓa. Ya zare biro daga jakata, ya zura a ramin, ya naɗe shi sarai. Na saka, sai ga waƙar nan mai busa a farko, wadda ta yi sati tara a ta ɗaya, wadda ka yi wa rawa har wandonka ya yage. Sai Baba ya kama rerawa! Gwaggo ta saki kofi a ƙasa tana salati. Ko kalma ɗaya bai ɓata ba. Da aka zo wajen liƙin, waƙar ta tsallake rabin baiti, shi ma ya tsallake tare da ita, bai ko yi tuntuɓe ba. Na nemo waƙar a wayata na kunna masa cikakkiya, ya ɓata rai ya ce waɗannan sun yi ƙari, ba haka take ba. Ka duba sau nawa mutum zai saurari abu kafin ya haddace shi har da tabonsa. Shekara ashirin da biyu muna cewa ba ya tunaninka. Na ji kunya, na kuma ji tausayinsa har cikin raina.

Da kaset ɗin ya ƙare ya dube ni ya kira ni Auta. Ya tambaye ni ina Dogo. Ya ce ai tun a satin ya gyara maka kayanka, yana ta jira ka zo ka tambaya, shi kuma bakinsa ya yi nauyi. Likita ya ce irin wannan dawowar hankali ba ta daɗewa, kuma kullum raguwa take yi.

Gwaggo tana gaishe ka, ta ce girman kai gado ne kuka yi. Kawu Direba da maigidana da yara duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu.

Da Baba ya sake tambayar ka, na ce masa kana hanya. Tun ranar, kullum da safe sai an fitar masa da kujera bakin ƙofa, kaset ɗin a aljihun gaban rigarsa. Don Allah, Yaya, kada ka mai da ni maƙaryaciya.

Ƙanwarka,
Auta