Ashe Ranar Venus Juma'a Ce

Zuwa ga Anselmo, tsohon direban motar 'yan makaranta, mai idon da ke hango abin da ke bayan rana amma ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa. Ya inuwar itacen tuffata! Ya ruwan farko da ake sakowa gona bayan sanyi! Ya garwashin murhuna ranar da ƙanƙara ta toshe hanya! Ka ga, na iya kirari in na ga dama. Kada ka saba, na yau ne kawai.

Ƙawata Ofelia ta ce ka ɗaure kaya. Wai 'yarka Loretta za ta zo ran Lahadi ta kwashe ka zuwa birnin Denver, har madubin hangen nesan naka ka naɗe shi cikin bargo. To kwance shi. Ka zauna ka karanta a hankali, rubutun 'yar aji uku ne.

Ka tuna Litinin ta makon jiya da magariba, da ka kafa madubin a bayan a-kori-kurarka kusa da akurkin kajina? Ka ce in leƙa. Na ga wani abu siriri kamar yankan farce. Ka ce ita ce Venus, mutanen Rum ne suka raɗa mata sunan gunkiyarsu ta soyayya, kuma nan da kwana kaɗan za ta ɓace cikin hasken rana, sai ta ɓullo ta gabas da asuba. Kana rufe baki ka cire hula, ka ce, "Eufemia, ki aure ni. Kada ki amsa yanzu. Ki ba ni amsa ranar Venus, ina jira."

To don Allah me kake so in fahimta? Ranar da za ta ɓullo mana! Asuba goma ina tashi, in yafa bargo, in tsaya da kofin gahawa ina kallon kan dutse, gwiwoyina suna zagina, kaji suna kallona kamar na zautu. Da na ga ka daina biyowa ta ƙofata sai na ce, mutumin kirki, yana ba ni fili. Ashe kai kana can ran Juma'a a zauren coci da farar riga, ka ajiye farantin kifi biyu, ka zauna har aka naɗe kujeru.

Sai jiya Ofelia ta faɗo mini gida ko sallama babu. Ta ce, "Ke muguwa, me bawan Allah ya yi miki?" Da na gaya mata abin da nake jira, ta yi dariya har haƙoran robarta suka zame. Ta ce, "Shekara saba'in da huɗu kina kiran Juma'a viernes da Sifaniyancinmu, ba ki taɓa jin Venus a ciki ba? Martes, Talata, ta Mars ce, jueves, Alhamis, ta Jupiter, tsohuwar banza!" Na ce, "Yo ni na san Juma'a ranar kifi ce da wankin zanen gado." Ashe tun ina goye nake kiran duniyoyin nan a bakina, ba wanda ya gabatar da mu.

Amma kai ma da naka. Namiji in yana son mace ai sai ya ce Juma'a. Wa ya aike ka kewaye-kewaye?

Kana tsammanin gyaɗa kai kawai nake yi in kana surutunka. Ina ji. Ka ce da fari ƙura ce da iska suke ta juyawa, tsakiyar ta dunƙule ta kama wuta ta zama rana, ragowar suka cure suka zama duniyoyi. Wannan ban sha wahalar ganewa ba. Duk matar da ta taɓa murza gurasa ta san guntattakin ƙullun da ke saura a gefen akushi, ba a zubarwa, curewa ake yi. Ni da kai ma ragowa ne, tsoho. An gasa manyan an cinye. Me zai hana a cure mu?

Na riƙe cewa Jupiter ce babbarsu, da wata jar guguwa da ta fi shekara ɗari ba ta kwanta ba, kamar surukata. Na riƙe cewa zoben Saturn ƙanƙara ce da tsakuwa, don haka kada ka wahalar da kanka saya mini wani. Na riƙe Pluto, da aka gano nan maƙwabta a Arizona, aka yi ta ji da ita, daga baya aka ce ta yi ƙanƙanta, aka cire ta daga sahu. Ka ce ko a jikinta, tana nan tana zagayenta. Ranar nan na fara sonka, in kana son sani, don yadda ka faɗe shi kana kallon makullin motar da suka ce ka tsufa da tuƙawa.

Ita kuwa Venus da kake kirana da ita, kai da bakinka ka ce zafinta zai narkar da dalma, tana juyawa a baibai, rana ta yamma take fito mata. Marigayi mijina Fidencio, Allah ya ba shi hutawa, da ya ji wannan da ya ce, "Ai kuwa ita ce." Shekara arba'in da ɗaya na yi da shi, sha ɗaya ba shi. Ba zan ɓoye maka ba, shi ya fi tsaya mini a rai a asubahin nan goma. Sai na tuna ka ce mutanen da can sun zaci biyu ne, tauraron asuba daban, na magariba daban, alhali guda ce. Shi ya same ni da asuba. Kai ka same ni da magariba. Ban ci amanar kowa ba, fitowa ce biyu.

Yau Alhamis na gan ta, Anselmo! Can ƙasa-ƙasa bisa dutse, kafin zakara ya yi cara karo na biyu, tas da ita kamar an wanke. Na ce mata, "Kin ja mini." Na shigo na ɗauki fensir.

Amsata eh ce. Da ita na kwana tun ranar da ka tambaya.

Ga sharaɗi. Ba ni zuwa Denver, kai da kanka ka ce fitilunsu sun cinye taurari. Madubi ba zai hau teburin cin abinci ba. Loretta ta zo Lahadin, ba komai, ta ci wake da jan barkono, ta ga inda ubanta zai zauna, ta koma da motarta fayau.

Ba zan yi maka alkawarin zagayen Saturn ba, kusan shekara talatin ne, ni da kai mun san ba mu da su. Amma duk zagayen da ƙasar nan za ta ƙara yi ina bisanta, naka ne, ba na kowa ba.

Ka zo gobe da farar rigar nan, kifin ni zan soya. Gobe Juma'a nake nufi, wadda ke bin Alhamis.

Taka, da asuba da magariba,
Eufemia Archuleta