Ƙanwar Mijina Ta Ƙwace Shafin Jinyar Mama

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara. Raina ya gama ɓaci, kuma duk wanda na kai wa kuka sai ya ce abin bai kai ya kawo ba.

Shekara shida na yi ina jinyar mahaifiyata bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki. A ɗakinta na koyi juya majinyaci duk bayan awa biyu, da canza zanen gado ba tare da an ɗaga shi ba, da irin cokalin da ba ya sa shi ƙwarewa. Babu wanda ya koya min, da kuka na koya. Ƙanwar mijina ce ta ce in riƙa rubutawa don wasu su amfana. Ni a lokacin ko imel ba ni da shi, sai ta buɗe mana bulog, wato shafin rubutu a intanet, a wani dandalin kyauta, da imel ɗinta da lambar wayarta. Har godiya na yi mata, Anti, ki ji wauta. Kuma kai tsaye nake rubutu a cikin shafin, ban taɓa ajiye ko layi ɗaya a wani wuri ba.

Mama ta rasu bara, na ci gaba da rubutu. Wata biyar da suka wuce wani mai sayar da man shafawa ya nemi a saka tallarsa, wai mansa yana miƙar da mai shanyewar jiki cikin sati guda. Na ce ba da ni ba, don na san halin mai jinya, ko ruwan kwata aka ce masa magani ne zai saya. Ƙanwar mijin nawa ta ce na cika iyayi. Washegari na zo shiga, kalmar sirri ta ƙi. Ta cire sunana ta saka nata. Yanzu tallar man nan tana nan daram a ƙarƙashin rubutun da na yi ranar da Mama ta daina gane ni.

Maigidana ya ce in yi haƙuri, ƙanwata ce, kuma ai abin waya ne. Abin waya! Shi da ko sau ɗaya bai taɓa yini a ɗakin jinya ba. Ita kuwa in mun haɗu sai ta gaishe ni da fara'a, har tana tambayata ya rubutu.

Ina so in buɗe nawa. Wata abokiyar aikina ta ce in koma na kyauta, yayana ya ce in biya in mallaki adireshin kaina, wata kuma ta ce in riƙa zubawa a dandalin sada zumunta kawai. Ni yanzu kowanne tsoronsa nake ji, wani lokacin ma sai in ji gara in haƙura da rubutun gaba ɗaya. A ina zan fara, inda ba wanda zai sake korata?

Taki,
Wadda aka kulle a waje

AMSA

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Mama, ya saka miki. An cuce ki, ba zan ce miki abin waya ne ba.

Amma ki yi wa ƙanwar mijinki adalci kaɗan. Ita ta kawo shawarar, ita ta buɗe shafin, tana ganin tana da haƙƙi a ciki. Haƙƙinta bai kai ga sunanki da guminki ba. Ki sani kuma dandalin bai kore ki ba, wadda kika bar wa makulli ce ta kore ki.

Kafin komai, yau ɗin nan ki zauna ki kwafe rubutunki ɗaya bayan ɗaya tun suna buɗe ga kowa, ki ɗauki hoton kowanne da kwanan watansa. Sai bayan kin gama za ki sa maigidanki ya zaunar da ku. Kada ki nemi shafin, ki nemi ta cire rubutunki daga ciki. In ta ƙi, dandalin yana da inda ake kai ƙorafin satar rubutu.

Batun zaɓi kuwa, sada zumunta bai dace da ke ba, rubutu yana nutsewa cikin kwana biyu, mai jinya kuwa nema yake yi ranar da abin ya same shi. Na kyauta ya ishe ki farawa, muddin yana barin ki sauke duk rubutunki ki tafi da su, yana kuma karɓar adireshin da za ki saya daga baya. Na biya ya fi 'yanci, amma yana son kulawa da sabuntawa duk shekara, in kika manta ya tafi. Ni da na kyautar zan fara. Imel naki, lamba taki, kalmar sirri ke kaɗai, ko maigida ban ce ki ba shi ba. Ki fara rubutu a wayarki ko littafi kafin ki ɗora.

Batun haƙura da rubutu ne ban yarda da shi ba. Na bi adireshin da kika haɗo da wasiƙarki, wanda ban buga ba. Tun tafiyarki babu sabon rubutu ko ɗaya. A ƙasan na ƙarshe wani bawan Allah ya tambaya sau uku yadda zai juya mahaifinsa, don bayansa ya fara gyambo. An amsa masa da lambar mai man shafawa.

Ki buɗe naki cikin satin nan, rubutunki na farko ya zama amsarsa. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa albarka a hannunki.