Makullin Keken Wiebe

Litinin, 6 ga Maris

Mun dawo daga asibiti. Likita ta nuna mana hoton ƙwaƙwalwar mijina Wiebe, da wasu fararen ɗigo-ɗigo. Ta ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka gaji. Wai akwai wani sinadari a jini mai sa shi ya daskare idan mutum ya yanke, abin arziki ne, amma idan jijiya ta fara yoyo sai ya tsallaka inda ba wurinsa ba, ya taru, ya dami ƙwaƙwalwa. Ta ce har yanzu ana kan bincike.

Wiebe, da ya ƙare rayuwarsa yana yashe magudanan ruwa a gonaki, cewa ya yi, "Wato kwata ce ta toshe. Ki ba ni shebur mana." Har likitar ta yi dariya. Ni kam ban iya ba.

Alhamis, 9 ga Maris

Saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, an ɗora shi a kan maganin hana jini daskarewa. To ga tsaka mai wuya: idan ya faɗi daga keke ya bugu a kai, jinin ba zai tsaya da wuri ba. Femke, 'yarmu, ta bugo waya. "Mama, ki karɓe keken Baba." Faɗa da baki ai sauƙi gare shi. Mutumin da ko jana'izar uwarsa a kan keke ya je.

Asabar, 18 ga Maris

Ya tafi kasuwa sayen kifi kamar kowace Asabar, shiru har rana ta yi. Matar mai burodi ce ta rako shi. Ta same shi tsaye a bakin gada, riƙe da keke, ya rasa ta ina gida yake. Gadar da yake hayewa tun yana ɗan makaranta.

Kifin dai bai manta ba, dan ya san halina.

Lahadi, 19 ga Maris

Na kulle keken, na zare makullin na jefa cikin gwangwanin shayi.

Talata, 21 ga Maris

Ya birkice gidan nan kaf yana nema. "Aukje, kaina ya fara cinye min kaya," ya ce da ni, yana murmushin da bai kai zuci ba. Laifina ya ɗora wa kansa. Na shiga kicin na daɗe ina wanke kofi ɗaya. Ina son tsohon nan, kuma yau na ji kunyar kaina.

Laraba, 5 ga Afrilu

Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Ɓarauniya. Da ke nake kwana ashe." Da yamma ya sake tambayata ko na ga makullinsa.

Femke ta kawo keke mai sirdi biyu, na hannu. Ya zagaya shi yana taɓe baki. "Wa zai zauna a gaba?"

Asabar, 15 ga Afrilu

Mun je kasuwa, ni a gaba. Ashe haka iska take dukan na gaba? Idona har hawaye yake yi. Tun muna saurayi da budurwa shi yake tare min ita, bai taɓa faɗa ba.

Yana baya yana tuƙawa da ƙarfi kamar doki, yana mita. "Tsohuwa, kina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai." Na ce ya yi min shiru ko na sauke shi.

Da muka iso gada na ji ya daina magana, sai goshinsa a tsakiyar bayana. Ban waiwaya ba. Na karya hagu, muka nufi gida.

Makullin kekensa yana aljihuna. Bai tambaya ba.